Murhun da Na Tone a Ƙasar Turawa

Da sunan Allah nake farawa, gafararsa kuma nake nema, domin abin da zan rubuta ba abin alfahari ba ne.

Tun da aka rushe unguwarmu ta wajen Kurayyat, a nan Jidda, ban ƙara jin daɗin la'asar ba. Ɗakin da nake haya yanzu can arewacin gari yake, a hawa na uku, cikin mutanen da ba su san ubana ba. Matata ta rasu, 'ya'ya kowa ya bi inda aiki ya kai shi. In na zauna ba abin da nake ji sai gurnanin na'urar sanyi da bugun ƙofar wani maƙwabci da ban taɓa ganin fuskarsa ba. A da kuwa, tun kafin ka buɗe ido ƙamshin fanke ya shigo ta taga, ka ji motar ruwa tana ja da baya a lungu, yara suna yi wa direban ihu da Larabci, tsofaffin mata suna gaisawa daga wannan ƙofa zuwa waccan da irin Hausar da suka zo da ita a ƙafa, zamanin da ake shekaru a hanyar Hajji. Ba ka isa ka yi zazzaɓi a ɓoye ba, kafin azahar kunu ya iso daga gida uku.

Kwanakin baya na hau mota na koma in ga wurin. Fili ne fetal, sai tarin ɓaraguzai nan da can, da guntun kwalta da ke nuna inda hanya ta bi. Na sauka ina tafe ina nuna wa kaina da sanda: nan masallaci, nan shagon ɗan Yaman, nan lungun da na yi shekara da shekaru ina kauce wa. Da na ga hannuna a miƙe ina nuna gidajen da babu su, sai jikina ya yi sanyi, domin an taɓa yi mini haka a wata ƙasa mai nisa, a kan wata ciyawa mai raɓa. Kauce wa lungun nan da nake yi, can ya samo asali.

A Jidda aka haife ni. Karatuna bai yi nisa ba, allo kaɗan, makaranta kaɗan, sai na kama tuƙi. Ina saurayi na samu aikin direba a gidan wani attajiri da ke zaune a Abhur, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Wanda ya kai ni gidan shi ne mai girkinsu, Baba, dattijon unguwarmu kuma abokin mahaifina. Shi ma haifaffen nan ne, Nijeriya a bakin mahaifiyarsa kawai ya san ta. Ya fi shekara ashirin yana dafa wa gidan nan abinci. Ranar da ya gabatar da ni ya ce wa Maigida, da kiran girmamawa irin na Larabawa, "Ya ammi, wannan ɗana ne. In ya yi ɓarna ni za ka tambaya." Ni kuwa a lokacin ba abin da ke raina sai aure. An riga an kai gaisuwa, kuma duk abin da iyayen yarinyar suka duba suka yarda shi ne wannan aiki da wannan takarda.

Duk shekara in zafi ya tsananta, Maigida yakan kwashe iyalinsa zuwa Ingila, ya tafi da mai girki da direba. Na zaci Landan za mu zauna. Ashe wani gida ya saya a can cikin karkara, a wurin da bai kai a kira shi ƙauye ba. Gidaje bakwai ne na ƙirga, da ƙaramin coci na dutse da ba kasafai ake buɗe shi ba, da jan akwatin wasiƙa guda a bakin hanya. Ba kanti, ba kasuwa, ba ladan. Hanyar ma siririya ce, shingen ƙaya ya rufe ta gefe da gefe, in ka haɗu da wata mota sai ɗayanku ya ja da baya, ga shi ta hagu ake bi. Abin da ya fi damuna shi ne shirun. Mutumin da ya tashi a lungun da ba a jin maganar juna sai an ɗaga murya, ya wayi gari ba ya jin komai sai kukan tumaki, da kurciya, da yayyafi a kan gilashi. Aikina in wanke motar da ruwan sama ya riga ya wanke, in je gari in sayo burodi da madara, ran Juma'a mu yi doguwar tafiya zuwa birni don salla da sayen naman yanka. Baba ya kafa wani ƙarfe a bayan kicin don ya riƙa duba inuwar azahar, amma kwana uku a jere rana ba ta leƙo ba. Ya tumɓuke shi yana cewa, "Wallahi ƙasar nan ko inuwa sai an roƙa."

Bayan shingen gidan akwai wani babban fili na kiwo. Ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Tudu ne nan, kwari can, wasu dogaye, wasu murabba'i, duk ciyawa ta lulluɓe su. Ni da Baba muna gani muka ce makabarta ce. In za mu wuce sai mu rage murya, mu bi ta gefe. Baba yakan tsaya ya dubi tumakin da ke kwance a kan tudun, ya girgiza kai ya ce, "Dubi Turawa, sun sakar wa iyayensu tumaki a kai. Ko ba Musulmi ba ne, ai mutane ne."

Mai tumakin wani tsohon Bature ne, ramamme, mai jar fuska, kullum da sanda da kare. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka haifa a wurin, sauran gidajen duk baƙi ne irin Maigida suka saye. Ya lura da yadda muke zagaye filin, ran nan ya tare ni ya tambaye ni dalili. Ina jin Turanci kaɗan, irin na bakin tashar jirgin ruwa. Da na ce masa kaburbura ne, ya yi dariya har ya shiga tari. Ya ja hannuna muka tsallake shinge. Ya tsayar da ni cikin wani dogon kwari, ya ce wannan titi ne. Ya miƙa sanda dama da hagu: nan gida, nan gida, nan bayan gida inda suke shuka, can tafkin kifi. Ya ce gari ne guda, da maƙeri da masu saƙa, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Annoba ta rage su, daga baya mai ƙasar ya ga tumaki sun fi mutane amfani gare shi, ragowar suka ɗauki kayansu suka bi hanya. Ya ce doka ta hana a taɓa ƙasar, ko garma ba ya sa mata, haka ubansa, haka kakansa. Na dawo na faɗa wa Baba, wanda ya tsaya jingine da shinge. Ya dubi filin ya ce, "To gara da muke rage murya. Gidan mutane ne, ba mu yi sallama ba."

Ina so a lura da wannan, domin shi ne ya hana ni samun uzuri: na sani. An nuna mini da sanda.

Wani mako Maigida ya gayyaci abokansa daga Landan, ya ce mandi yake so a yi musu, kuma na rami, irin na gida. Mandi, ga wanda bai sani ba, rami ake haƙawa, a ƙona itace a ciki har ya zama garwashi, a saukar da tukunyar shinkafa, a ɗora naman rago a samanta, a rufe da faifan ƙarfe da ƙasa, a bar shi ya nuna a hankali. Baba ya ce a yi a tanderun kicin, Maigida ya ce bai tara mutane don abincin otal ba. Uwargida kuma ta ce kada a kuskura a taɓa mata ciyawar lambu. Sai Baba ya nuna mini wani kusurwa a bayan kicin, ya ce, "Yalla, ya waladi, maza ɗana, haƙa nan kafin in dawo," ya shiga gyaran nama. Na sa shebur sau uku, ruwa ya taso. Ƙasar jagwab take, ga saiwa. A wurinmu kowa ya san ramin mandi busasshen wuri yake so, kuma mai tudu. Na ɗaga kai, ga tudu a tsallaken shinge, taku goma, a bushe. Na ce a raina, gidan da masu shi suka zama ƙasa tun tuni, wa zai tambaye ni? Kuma ina so Maigida ya ce direban nan yana da kai.

Na tsallaka na haƙa. Ban yi kamu biyu ba shebur ya bugi dutse. Na share ƙasar, sai ga duwatsu masu faɗi an jera su a da'ira, tsakiyarsu baƙi ƙirin, da guntayen tukunyar ƙasa. Maimakon in tsorata, murna na yi, na ce Allah ya hutar da ni neman dutse. Na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, na ƙara zurfi, na jera su a jikin ramin, na zuba itace na kunna.

Hayaƙin ne ya fito da Baba, hannunsa duk kayan yaji. Ya leƙa, ya ɗauki guntun tukunya ya juya shi a tafinsa.

"Inna lillahi. Ka san me ka tone?"

Na ce, "Dutse ne, Baba."

"Dutse? Kai da ka tashi a gidan mace, ba ka gane murhu? Nan wata baiwar Allah take durƙusawa ta dafa wa 'ya'yanta."

"To yanzu yaya za a yi? Baƙi suna hanya."

Ya dube ni, ya dubi wutar, ya dubi agogo. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Kawo tukunyar."

Abincin ya yi kyau, abin da har yau nake jin kunyar tunawa ke nan. Baƙi suka ci suna lashe hannu, Maigida ya dafa kafaɗata a gabansu. Ana cikin shayi na hango tsohon Baturen tsaye a bakin ramin, karensa na shinshina toka. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya durƙusa da ƙyar, yana ciro duwatsun da hannunsa, masu zafi, yana ajiye su a kan ciyawa yana ƙoƙarin mayar da da'irar, ta ƙi haɗuwa. Da ya ɗago ya gan ni ta kan shinge, sai ya ce da ni a hankali, "Kai na nuna wa." Ba wanda ya ji sai ni. Ba wanda zai gane in ma ya ji.

Bayan kwana biyu wasu ma'aikatan hukuma suka zo da takardu da igiyar awo. Suka daɗe a falo da Maigida. Mutum ne mai son a ce shi maƙwabcin kirki ne, kuma an kunyata shi a ƙasar mutane. Suna fita ya kira mu biyu, fuskarsa ba annuri.

"Wa ya ce a haƙa a can?"

Na tuna yarinyar, na tuna takardar da ke aljihuna da sunansa a kai. Na ce, "Baba ne ya nuna mini wurin, ya ammi."

Baba bai juyo da sauri ba. A hankali ya juyo, ya dube ni kamar mai neman gane wani a cikin taro. Na kafa ido a kan darduma.

Maigida ya ce, "Haka ne?"

Baba ya ce, "Ni ne babba a wurin, ya ammi."

A makon nan aka sa shi a jirgi. Ni na kai shi filin jirgi, tafiyar awa biyu, ba wanda ya ce uffan sai sau ɗaya, da ya ce in rage gudu akwai kwana a gaba.

Da muka dawo Jidda na tarar an sallame shi. Ya nemi wani kafili, amma wa zai ɗauki mutumin da furfura ta cika masa gemu, kuma aka kore shi daga babban gida? Iƙamarsa ta ƙare ba a sabunta ba. Ya kafa tukuba a bakin lungunsu yana sayar da tsire. Daga nan na daina bin lungun, sai in zagaya ta bayan masallaci, ko da kaya a kaina. Da aurena ya zo, mahaifina, da bai san komai ba, ya je ya roƙe shi ya dafa abincin walima. Ya zo tun da safe da manyan tukwanensa, ya dafa, bai karɓi komai ba. Ina jin muryarsa ta bayan labule yana yi wa masu raba abinci faɗa, ban fita ba. Na ce gobe zan je. Wannan goben na yi ta ɗagawa har aka haifa mini 'ya'ya uku. Wata rana na dawo daga Abhur aka ce an yi samame, an kama Baba a bakin tukubarsa. Aka tura shi Nijeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ni kuma na ci gaba da zuwa Ingila duk shekara, har Maigida ya sayar da gidan. Tsohon Baturen bai ƙara amsa gaisuwata ba, daga baya na tarar da gidansa a rufe.

Bayan na dawo daga ganin kangon unguwarmu na kasa cin abinci. Na yi ta tambayar waɗanda muka watse tare, har aka ce mini 'yar Baba tana Sharafiyya, a saman wani shagon tela. Na bar ta tana 'yar makaranta, na same ta da jikoki. Mijinta ya buɗe mini, ya zuba mini gahawa, ya koma gefe. Ita ta zauna a bakin ƙofa.

"Yaya, ashe kana nan? Mun ce ko an rushe ka tare da unguwa."

Na yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. Na ajiye finjalin gahawar, na faɗa mata komai, tun daga ƙasar da ta yi ruwa har zuwa maganar da na yi a falo. Ban rage ba. Ta saurara tana murza gefen mayafinta.

Ta ce, "Mun sani."

"Shi ya gaya muku?"

"Shi? Abadan. Umma ce ta gane ranar aurenka. Ta ce duk wanda ya ci abincin nan ya zo ya gode wa Baba, har 'yan kallo, sai ango. Kuma kana tsammani ba a ganinka in ka bi ta bayan masallaci? Har suna muka sa maka, mai doguwar hanya."

Na ce, "Ki yafe mini, ƙanwata."

"Nawa na yafe da daɗewa, don na gaji da ɗaukarsa. Na Umma ta tafi da abinta. Nasa kuwa, wallahi ban sani ba. Ba na wurin. Ba wanda yake wurin."

Ta ce a Kano ya ƙare, a ɗakin wani ɗan'uwa na nesa, cikin mutanen da ke dariyar Hausarsa. Labarin rasuwarsa wani alhaji ne ya kawo, bayan wata biyu. Har yau ba ta san inda kabarinsa yake ba. Na tambaye ta ko ya taɓa ambatona. Ta ce yakan aiko da kaset ta hannun alhazai, a na ƙarshe ya bi lungu gida gida yana gaida kowa da sunansa, har da mai motar ruwa.

"Da ya zo gidanku ya gaida mahaifinka. Sai ya yi shiru, kaset na ta juyawa. Muka zaci ya lalace. Can ya yi gyaran murya ya wuce gida na gaba."

Mijinta ya ƙara mini gahawa, ta huce a hannuna. Da na miƙe na ce mata zan je Makka in yi masa umra.

Ta ce, "Ka yi. Amma don Allah, Yaya, kada ka dawo ka gaya mini."

Washegari da hantsi na yi wanka, na ɗaura harami a ɗakina, na fuskanci alƙibla zan yi niyya a madadinsa. Na buɗe baki in faɗi sunansa, sai na tsaya. Mutumin da ya tsaya mini, ya ɗauki laifina, ya dafa abincin aurena, ban san sunansa na yanka ba. A tarbiyyarmu yaro ba ya kama sunan abokin ubansa, kuma da na girma ban taɓa tsayawa gabansa tsawon da zan tambaya ba. Masu sani sun mutu, wadda ta rage ta ce kada in koma. Na tsaya da fararen zannuwa biyu a tsakiyar ɗaki. Sannan na ce, "Ya Allah, ka san wanda nake nufi," na ɗauki takalmina na fita.